Siminti A Jikin Tsohon Gini: Gyara Ne Ko Gyaran Gangar Auzinawa?

Yau dai sai kun yi mini afuwa, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma ci gaban littafin da kuke jira ba ne. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun daminar 2024, na yi ta juya shi ni kaɗai har na ga idan ban amayar da shi ba, ba zan sami sukunin komawa kan alƙalamina ba. Maganar gini ce. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa marubuciyar littattafan Hausa da kwaɓa ƙasa? To a biyo ni a sannu, domin kuwa mu marubuta muna da namu kason na laifi a cikin wannan magana, kuma ba ƙarami ba ne.

Kawuna, Allah Ya jiƙansa da rahama, tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Tun ina 'yar firamare yake zaune a wani gida a Nassarawa G.R.A., daga baya da aka zo sayar da gidajen gwamnati ga mazauna cikinsu, ya lallaɓa ya saya. Gida ne irin na zamanin Turawan mulki, ginin ƙasa, kaurin bangonsa ya kusa kamu biyu, ta yadda muna yara mukan hau cikin taga mu zauna mu biyu muna cin gyaɗa. Idan ka shiga falon da azahar a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa a titi, sai ka ji kamar cikin randa ka shiga. Babu na'urar sanyaya ɗaki, fanka ɗaya ce tal a sama, ita ma ba kullum ake kunna ta ba. Ta baya kuma akwai kicin da sito, su da gasasshen jan bulo aka yi su. A can nake yin hutun makaranta, a gindin wata bishiyar maɗaci da ke tsakar gidan na fara rubuta labari a bayan littafin lissafi.

Shekaru da yawa da suka wuce wani ɗan kwangila ya shafe jikin gidan kakaf da siminti, aka bi da fenti ruwan madara. Kowa ya yaba, aka ce gida ya zama na zamani, an huta da yaɓe. Haka aka zauna, duk inda ya tsage a kira lebura ya liƙe, a sake fenti. A cikin watan Agustan 2024, bayan an kwana uku ana ruwa, cikin dare sai iyalan gidan suka ji rugum! Da gari ya waye aka tarar filastar bangon gabas ta ɓallo, faɗinta ya fi tabarma biyu. Allah Ya kiyaye babu kowa a wajen. Abin da ya ba ni tsoro da na je shi ne abin da na gani a bayan filastar. Ƙasar bangon ta zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa, kana tura yatsa yana nutsewa, ga hanyoyin gara sun yi rassa har sama wajen azara. Shekara da shekaru bangon yana ruɓewa a ɓoye, mu kuwa muna ta sha'awar fenti.

Magada suka zauna. Wani ya ce a sayar kowa ya kama gabansa. Wani ya ce a rushe a yi shaguna. Babban yayanmu kuwa cewa ya yi wancan ɗan kwangilar ne ya yi ha'inci, siminti ya yi wa ƙwauro, yanzu sai a kafa ƙusoshi a ɗaura waya a zuba siminti mai ƙarfi, a bi da tayil daga ƙasa har sama, a ga ta inda ruwa zai shiga. Ni ba magajiya ba ce, ba ni da ta cewa, amma na roƙi arziki a bar ni in kawo wani tsohon magini da na sani a unguwar kakata a cikin birni, wanda tun muna yara shi yake yi mata yaɓe duk bazara.

Tsohon ya zo yana dogara sanda. Bai ko kalli inda ya faɗi ba. Sai ya bi jikin sauran bangon yana ƙwanƙwasawa da kan sandarsa, wani wuri ya ba da sauti a toshe, wani wuri kuwa ya amsa kamar ganga. Duk inda ya amsa sai ya girgiza kai.

Na ce, "Baba, me ka gani?"

Ya ce, "'Yar nan, ba ruwan sama ne ya ci bangon nan ba. Rigar da aka sa masa ce ta ci shi."

Yayanmu ya ce, "Haba Baba, ai siminti shi ne maganin ruwa."

Tsoho ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri. Ka taɓa sa rigar leda a bazara ka yini da ita? Ruwan waje ba zai taɓa ka ba, amma da yamma a jiƙe za a cire ka."

Wannan magana ita ce gaba ɗayan abin da nake son faɗa, saura duk bayani ne. Bangon ƙasa yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi, kamar dai yadda randa take tsattsafo ta ba ka ruwan sanyi. Idan aka yi ruwa ya jiƙa daga waje, rana ta fito iska ta kaɗa, sai ya bushe. Danshin da yake tsotsa daga ƙasa ma ta jikinsa yake fita. Wannan fitar danshin tana daga cikin abin da ke sa ɗakin sanyi, tare da kaurin bangon da zafin rana ba ya ratsa shi da wuri. To shi siminti ba ya tafiya tare da ƙasa. Idan rana ta buga, yadda yake buɗewa daban, yadda ƙasar ke buɗewa daban, ga shi ba shi da sassauci ko kaɗan, don haka dole ya tsage, ko da tsagar ba ta fi silin gashi ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ya fi ƙadangare iya shiga. Ya shiga ta 'yar tsaga, amma ba shi da ƙofar fita, rana ba ta ganinsa, iska ba ta taɓa shi. Sai ya zauna yana jiƙa tubali a hankali, gara ta sami inuwa da laima, filasta ta rabu da bango ta tsaya da ƙafarta, shi ne sautin gangar da sandar tsoho ta jiyo. Kuma bangon gabas ne ya fara faɗuwa domin a nan Kano hadari ta gabas yake tasowa, shi ne yake shan dukan ruwa.

Akwai ƙarin wata masifar da muka jawo da hannunmu. Da can tsakar gidajen G.R.A. ƙasa ce da ciyawa da bishiyoyi, ruwa ya sauka ƙasa ta shanye. Yanzu kowa ya malale gidansa da siminti ko intalok har jikin bango, maƙwabci ya ɗaga nasa ya fi naka tudu, magudana ta toshe da leda. Ruwan da ya rasa wajen zuwa gindin bango yake kwanciya.

Daga nan muka zaga baya wajen kicin, nan ne na ga abin da ya fi ba ni mamaki, domin shi ba ginin ƙasa ba ne, jan bulo ne gasasshe, irin wanda kowa ke cewa ba ya mutuwa. Asalin abin da aka haɗa bulon da shi wani farin kwaɓi ne mai laushi, kana iya karce shi da ƙusa. Da ya zaizaye a wasu wurare, sai aka sa birkila ya cike tsakanin bulon da siminti. Yau idan ka je, layukan simintin suna nan daram, sun fito zara-zara kamar saƙar zuma, bulon da ke tsakaninsu kuwa ya rarake ya koma ciki, ka shafa hannu jan gari ya biyo ka. Ɓangaren da birkilan bai kai gare shi ba, inda tsohon farin kwaɓin yake, bulon lafiyarsa ƙalau.

Tsoho ya ce, "Kin ga wannan? Abin da ke tsakanin bulo shi aka yi don ya mutu, ba bulon ba. Takalmi ne yake cinyewa don ƙafa ta huta. In kika yi takalmin da ya fi ƙafa ƙarfi, to ƙafar ce za ta cinye."

Ashe danshin da ke cikin bango ta tsakanin bulo yake bi ya fita, ya tafi da gishirin ƙasa da yake ɗauke da shi. Idan aka toshe wannan hanya da abin da ya fi bulo tauri, sai danshin ya koma fita ta fuskar bulon, gishirin ya daskare a cikinsa yana marmashe shi. Kwaɓi idan ya lalace ana ƙwaƙule shi a sa sabo da kuɗi kaɗan. Bulo idan ya lalace sai dai a fasa bango. Masu gidaje a Janbulo da sauran wuraren da aka yi da jan bulo, ku fita ku duba gindin katangunku inda aka taɓa yin faci, wataƙila ku ga irin abin da na gani.

Da na koma gida ɗana ya yi ta binciko mini bayani a intanet yana fassara mini, sai na tarar abin da wannan tsoho da bai taɓa shiga aji ba ya faɗa, shi ne abin da Turawa suka gano bayan sun tafka asara. Shi simintin da muke ji da shi ba daɗaɗɗen abu ba ne. A shekarar 1824 wani birkila mai suna Joseph Aspdin a garin Lids na Ingila ya yi masa rajista. Kafin nan, da ma bayan nan da daɗewa, gidajen bulo na Turai da ƙonanniyar farar ƙasa ake haɗa su. Farin dutse ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti da shi, sai a ƙona shi a wuta mai zafin da ya kai awo 900, a zuba masa ruwa ya tafasa da kansa ya narke ya zama kamar kindirmo, a bar shi ya kwanta wata da watanni, sannan a haɗa kashi ɗaya da yashi wajen kashi uku. Ba ya kamawa a kwana ɗaya kamar siminti. A hankali yake shaƙar iska yana komawa dutse, kuma ko ya kama yana barin danshi ya wuce, yana kuma jure ɗan motsin gini ba tare da ya dare ba. Da siminti ya yi araha a ƙarni na 20, sai su ma suka bi tsofaffin gidajensu da coci-cocinsu suna cusa shi a tsakanin bulo da dutse, ga sauri ga ƙarfi. Bayan 'yan shekaru fuskar bulo ta fara zubowa, musamman da yake su ƙanƙara ce take daskarar da ruwan a ciki. Yanzu akwai wata ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a can, wadda William Morris ya kafa tun 1877, daga cikin abin da take koya wa magina akwai su bar siminti su koma farar ƙasa. A Zanzibar da Lamu ma, can gaɓar tekun gabashin Afirka, tsofaffin gidajen dutsen murjani da farar ƙasa aka gina su, da ita kuma masu gyara na gaskiya suke gyara su.

Yadda suke aikin ma abin koyi ne, don babu gaggawa a ciki. Da hannu ake ƙwaƙule tsohon kwaɓin, ba da injin yanka ba, don inji yana cin gefen bulo. Zurfin ramin ya kai kamar ninki biyu na faɗinsa. A share ƙura, a yayyafa ruwa, a cusa sabon kwaɓi da siririn ƙarfe a danna shi sosai, idan ya fara ƙarfi a bubbuga shi da burushi. Sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana da kwanaki kada ya bushe da wuri. A wajenmu wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, domin iskar hunturu ko ranar Maris za ta busar da shi kafin ya kama, ya koma gari.

To amma mu ba sai mun je Ingila aro ba, da tsohuwar zuma ake magani. Kakanninmu suna da nasu. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa ta ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, ko a yayyafa a daɓe. Duk wadda ta tashi a cikin birni a shekarun baya ta san ranar daɓen ɗakin amarya, mata sun jeru da maɗaɓai suna bugawa suna waƙa, ƙasa ta fito sumul tana sheƙi. Akwai kuma laso, wanda shi ne sarki. Katsi ake samowa daga marina, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini na baba da toka, a kwashe a busar, a ƙona, a daka. A haɗa shi da gashin da majema suke karcewa daga fata, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe rufin soro da rawani da zankwaye da bakin indararo, wuraren da ruwa ya fi duka. Su kansu rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata da shi ake shafe cikinsu. Wani zai ce ai ke nan laso ma yana tare ruwa, mene ne bambancinsa da siminti? Bambancin shi ne laso ɗan gida ne. Gashin da ke cikinsa yana riƙe shi ya bi motsin ƙasa, ba shi da nauyin da zai ɓallo da bango, kuma idan ya tsufa daga waje yake cinyewa kana gani, ka san lokacin sabuntawa ya yi. Ba ya yi maka dariya a fuska yana cin ka ta baya.

Shaida kuwa ba ta yi nisa da gidan kawuna ba. Gidan Ɗan Hausa yana nan a Nassarawa, inda Hanns Vischer, Baturen nan haifaffen Suwizalan, ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Mutumin da ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya ga gine-gine iri-iri, amma a soron ƙasa na maginan Kano ya zauna. Gidan ya haura shekara 100 yana tsaye. Gidan Makama kuwa asalinsa tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, a ƙarni na 15. Ba tsafi ne ya riƙe su ba. Duk tsohon ginin ƙasa da ka gani a tsaye, hannu ne bai ɗauke daga kansa ba. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ne yake fitowa ƙwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallaci a yini guda, abin ya zama biki. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, a 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zanen gine-gine na duniya suke fafutukar samu. Mu kuwa a nan muna jin kunyar a ce gidanmu na ƙasa ne.

Kunyar nan ita ce asalin ciwon, kuma a nan ne zan tuhumi kaina da abokan sana'ata. Ku ɗauko littattafanmu tun daga na shekarun 1990 da ake saye a Bata har zuwa waɗanda ake karantawa a waya yau. Yarinya talaka kullum a gidan ƙasa take, bango ya zaizaye, an tara kwano a tsakar ɗaki ana tarar yoyo, tana kuka. Sakayyar haƙurinta kuwa ita ce ranar da mota za ta tsaya da ita a bakin tangamemen get a Nassarawa G.R.A., maigadi ya buɗe, ta taka tayil mai santsi, ta ga gilashi tun daga ƙasa har sama. Ni da kaina na rubuta irin wannan fiye da sau biyar, alhali gidan G.R.A. ɗin da na sani da idona, wanda na fi jin daɗinsa a duniya, na ƙasa ne. Ban taɓa sa attajiri a soro ba. Ban taɓa sa jarumi ya gaji gidan kakansa ya kira magina su yi masa laso yana alfahari ba. 'Yan fim suka ɗora daga inda muka tsaya. Har ta kai idan an je binciken aure ana dawowa a ce, "Gidansu ko filasta babu." Shi ya sa za ka ga mutum ya ci bashi ya shafe fuskar gidansa da siminti, ta waje kawai inda mutane ke gani, ba don ruwa ba, don bakin mutane. Mun sayar wa jama'a ganin kitse, rogon kuwa yana ruɓewa a ciki.

Ba zan ɓoye gaskiyar masu ja da ni ba, don suna da hujja. Ginin ƙasa bawa ne mai son a kula da shi. Yaɓe ba a yi sau ɗaya a huta, kuma mutumin da yake fita tun asuba neman abin sawa a baka ba shi da lokacin neman magini duk bazara. Kayan aikin ma sun yi wuya. Marinai da yawa sun mutu, katsi ya zama abin nema, ɗorawa an sare an yi gawayi, azara sai an yi tafiya. Sannan duk damina muna jin labarin gidajen ƙasa da suka rufta wa mutane, wanda ya rasa ɗansa a haka ba za ka yi masa wa'azin laso ba. Maganar tsohon gini ba ta ado ba ce kawai, ta rai ce. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayuka. An bayyana cewa an ga tsaga a jikinsa kwana guda kafin nan. Saboda haka ni ban ce a zauna a ƙarƙashin bangon da ya mutu don son tarihi ba. Wanda ya mutu a sauke shi.

Ban kuma ce siminti abokin gaba ba ne. Wanda zai yi sabon gini da bulon siminti, ya haɗa da siminti, jinsi ɗaya ne. Harsashi, magudana, banɗaki, masai, duk wajensa ne. Abin da nake cewa shi ne kowane gini a gyara shi da irin abin da aka yi shi da shi, ko abin da ya fi shi laushi. Hujjar araha ma ta fara rauni, tunda a 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, ga shi facin da aka yi da shi a jikin ƙasa sai an sake, an kuma sake, har ranar da za a sake bangon gaba ɗaya.

Nassarawar da na sani tana ƙarewa. Tsohon gida guda mai fili da bishiyoyi, a saye shi yau, gobe katafila ta shiga, jibi a yanka filin gida shida ko a tayar da rukunin shaguna. Mai saye ba gidan yake saye ba, ƙasar yake saye. Ba na ganin laifin magada, gado hakki ne, akwai marayu da gwauraye da ke jiran rabonsu, ba za a ce su ci tarihi ba. Amma 'yan kaɗan ɗin da suka zaɓi su riƙe, bai kamata su kashe gidan da hannunsu suna zaton gyara suke yi ba. Kuma ilmin kansa yana hannun tsofaffin da ba su da magaji. Wani Bature ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginenmu yana zanawa, har aka yi gidan adana gine-ginen gargajiya a Jos, aka buga aikinsa a littafi uku a 1990. Da Turanci yake, kuma birkilan da zai taɓa bangonka bai san da shi ba. Ina ma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da sarakunan magina da malaman zanen gini na jami'o'inmu za su haɗa kai a tara tsofaffin nan, a ɗauki yadda ake haɗa laso da makuba a rubuce da Hausa, a ɗauka a bidiyo, a koya wa matasan birkiloli a ba su shaida, yadda mai tsohon gida zai san wanda zai kira. Mu ma marubuta ga aiki nan, ko da a labari ɗaya ne.

A gidan kawu dai, bayan doguwar muhawara, yayanmu ya ce a ba tsoho bangon gabas kawai a gwada, sauran a bar shi tukuna. Bai yarda a ɓamɓare filastar da damina ba, sai da ruwa ya ɗauke, aka cire ta kaɗan-kaɗan, aka bar bangon ya sha iska wajen wata biyu. Ya sauke inda ya ruɓe ya mayar da sabon tubali, ya canza azara biyu da gara ta cinye, ya sa aka fasa simintin da ke gindin bango aka zuba tsakuwa, aka ja magudana nesa. Makuba daga ƙauye aka kawo mana ita, katsi kuwa sai da muka yi sati uku muna jira. Damina ɗaya ta wuce a kansa. Gindin ya ɗan zaizaye inda ruwan indararo ke fantsama, ya ce wannan aikin yini ɗaya ne kafin ruwa ya sauko. Na kicin ba a fara ba, farar ƙasar tana jiƙe a cikin duro a bayan sito, an rufe ta da ruwa. Har yanzu kuma akwai wani mai kuɗi da yake aiko dillali duk wata, kuma farashin da yake faɗa yana ƙaruwa.

Ranar da na kai wa tsohon ragowar kuɗinsa na tarar da shi a zaure, ƙafa ta kumbura. Na tambaye shi cikin 'ya'yansa wa ya iya haɗa laso. Ya ce babban yana tuƙa Adaidaita Sahu, ƙaramin yana gyaran waya a Farm Centre.

Ya ce, "In kin sami yaro mai haƙuri ki turo mini shi, 'yar nan. Amma ki gaya masa hannu yana tsagewa."

Na yi wa yara biyu magana a unguwarmu. Ɗaya ya ce zai yi shawara da babansa.